Yadda Ake Shiga Ƙungiyar Masu Binciken Tarihin Gari

Duk mai son shiga ƙungiyar masu binciken tarihin garinsu, ya fara neman sakatarenta, domin a hannunsa takardar rajista da jadawalin laccocin shekara suke. Ƙungiyoyi da dama sukan bar baƙo ya halarci lacca kafin ya biya kuɗin shekara, kuma a ganina wannan dama ce da bai kamata a yi wasa da ita ba.

Ranar lacca ka je da wuri, ka riƙa rubuta sunayen mutane da unguwanni da shekarun da mai jawabi ya ambata, sannan idan an zo lokacin tambayoyi ka roƙe shi cikin ladabi ya faɗi inda ya samo labarinsa, ko daga bakin dattawa ne ko daga tsofaffin takardu. Idan kana da tsohon hoto, ka rubuta sunayen mutanen da ke cikinsa a bayansa da fensir, saboda tawada takan ratsa takarda ta ɓata fuskoki, ka ba ƙungiya kwafi, asalin kuwa ya zauna a hannunka. Kada ka naɗi muryar dattijo sai da izininsa.