Yadda za ka kira mai kawo sabon tunani

Na daɗe ina gyara wa ɗalibai rubutu, kuma kalmar da na fi jan layi a ƙarƙashinta ita ce wadda suke kiran mutumin da ya zo da sabon abu.

Fara da tambayar kanka: me ya kawo? In na'ura ce ko dabarar aiki, ce masa maƙirƙiri. Ginin kalmar irin na maɗinki ne: mace maƙirƙiriya, jam'i maƙirƙira. Gutenberg, wanda ya haɗa injin buga littattafai a Jamus wajen 1450, maƙirƙiri ne. Sai dai ka bayyana abin da ya ƙirƙira, domin ƙarya ma ƙirƙirarta ake yi, shi ya sa muke cewa ƙirƙirarren labari.

Mujaddadi daban ne, kuma a nan na fi damuwa. Kalmar daga Larabci take, tana nufin mai sabunta abin da ya dusashe, musamman addini. Da ita ake kiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehu bai ƙago komai a addini ba, tsohuwar hanya ya share wa mutane. Don haka kada ka ba wanda ya ƙera manhajar waya wannan suna.

Ɗan bidi'a kuwa zargi ne. Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta shi da niyyar yabon malaminsa, raina ya ɓaci ƙwarai.

In tunani ne kawai mutum ya kawo, bai ƙera komai ba, ni "mai kawo sabon tunani" nake rubutawa.