A daina zuba wa yara lemon kwalba a fida

Iyaye mata, jiya a gidan suna na ga an tsiyaya wa yaron da bai kai shekara ba lemon kwalba a fida, wai don ya yi shiru. Ya kuwa yi shirun, ni ce hankalina ya tashi.

Kwalbar Coca-Cola ta 35cl tana ɗauke da sukari kusan cokali 9 na shayi, ga kuma sinadarin kafin mai hana barci. Fida tana ƙara ta'azzara abin, domin yaro tsotsa yake a hankali, zaƙin ya daɗe yana wanke haƙoransa. Idan ya yi barci da ita a baki, yawu yana raguwa, sai haƙoran gaba na sama su fara farin tabo, su koma ruwan ƙasa, su guntule. Sai mu ce wai ƙwari ne. Sannan cikinsa ya cika, ya ƙi nono, ya ƙi kunu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, kuma ban da abin sha mai sukari kafin shekara 2. In gudawa ce, lemo ƙara ta yake yi. ORS (wato haɗin ruwan gishiri da sukari na asibiti) da maganin zinc ake bayarwa.

Wanda ya riga ya saba, ki riƙa sirka masa da ruwa, kullum ruwan na ƙaruwa, har lemon ya ɓace. Ki mayar da shi kofi. Kakarsa kuwa lallaɓa ta za ki yi, don sau da yawa a ɗakinta ake ba shi.