Yadda za ka ajiye masara tun kaka har ta kai ka damina

Farashin hatsi yakan sauka daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon amfani ya cika kasuwa. Daga bazara sai ya fara hawa, ya yi tsanani a Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, na gona bai nuna ba. Magidancin da ya samu halin sayen abincin waɗannan watanni tun kaka ya sauke babban nauyi, in dai ajiyar ba ta lalace ba.

Fara da lissafi. Buhu mai kilo 100 yana cin kwano 40 ko kusa da haka. Gidan da ke tuƙa kwano ɗaya a rana, buhu uku ne zai kai shi daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba.

Bushewa ita ce gaba da komai. Masarar sabon kaka takan zo da danshi ko da ta yi kama da busasshiya. Shanya ta a kan tampol, kada a ƙasa, kana motsa ta, sannan ka sheƙe dusa da fasassun ƙwayoyi, domin a nan ƙwari ke fara zama. Ciza ƙwaya ɗaya: in ta fashe ƙas, ta kusa. Don ka tabbatar, zuba masara da cokali biyu na busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. Gishiri ya manne a jikin kwalba? A mayar da ita shanya. Masara mai danshi takan yi fumfuna, fumfunar kuma na haifar da guba mai lalata hanta wadda dafuwa ba ta kashewa.

Bar ta ta huce a inuwa, sannan ka zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Duba ledojin tukuna, ko hudar allura ta isa ta ɓata aikin. Matse iskar, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa ka ɗaure, ka yi wa ta biyu haka, sannan na waje, kowanne da ɗaurinsa. Iska na ƙarewa ƙwarin ciki suke mutuwa, ba sai da magani ba. Jarka mai tsabta ma tana yi, in an cika ta har baki an toshe murfin da leda, amma ban da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, saboda danshi da ɓera. Ɓera ya huda leda, sai a sake buhu nan take. Kada ka riƙa buɗewa kullum, ɗebi na mako biyu ka sake ɗaurewa.

Kada a zuba Sniper ko fiya-fiya a hatsin ci. Ƙwayar fostoksin kuwa, wadda ake sa wa hatsin ajiya don kashe ƙwari, hayaƙinta na kashe mutum, ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi.