Yadda Ake Cire Ciyawar Lambun Shaƙatawa Don Tattalin Ruwa

A yankunan fari, ciyawar ado tana shan ruwa ba kaɗan ba. Shi ya sa a 2021 jihar Nevada ta Amurka ta kafa dokar cire ciyawar da ba a amfani da ita a kewayen Las Vegas.

1. A bar wa yara filin wasansu. Ciyawar gefen hanya, wadda ba mai taka ta sai mai yanka, ita za a cire.

2. A daina ba ta ruwa, a yanke ta ƙasa-ƙasa.

3. A shimfiɗa kwalaye, kowane ya hau bakin ɗan'uwansa, don ƙaramar kafa ma ciyawa za ta leƙo ta nan. A jiƙa su sharkaf, a zuba ɓawon itace mai kaurin santimita 10 a kai. Rashin hasken rana zai kashe ta cikin 'yan watanni.

4. A huda kwalin, a dasa tsirran yankin masu jure fari, a ja musu siririn bututu mai ɗigo a gindi.

5. Don Allah kada a manta da manyan bishiyoyi. Da ruwan ciyawar suka saba, sai a riƙa shayar da su sosai lokaci-lokaci, in ba haka ba su bushe a rasa inuwa.