Yadda za ka tantance labarin "masana sun gano sabon magani" kafin ka tura wa wani

Kusan kullum sai ka ci karo da shi a Facebook ko WhatsApp, wai masana kimiyya sun gano wani abu a jikin wata dabba da zai kawo ƙarshen kansa ko ciwon suga ko tsufa ma gaba ɗaya. Abin da ke sa mutum ya ruɗe shi ne yawancinsu ba ƙarya ba ce zalla, akwai binciken gaske a ƙarƙashi, kawai dai an sa masa gishiri ne har ya yi yawa.

Ka fara da tsallake kanun labarin, ka shiga ciki ka nemo amsar tambaya guda ɗaya: a jikin wa aka gwada? Mutum ne, ɓera ne, ko ƙwayoyin halitta ne kawai a cikin ɗan faranti a ɗakin gwaje-gwaje? Wallahi wannan tambayar kaɗai za ta raba ka da ruɗani mai yawa. Akwai wani irin ɓeran ƙarƙashin ƙasa marar gashi a gabashin Afirka, yana iya wuce shekara 30 a duniya kuma da wuya ka ga ya kamu da kansa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka suka danganta abin da wani sinadari mai yauƙi da jikinsa ke yi da yawa, sannan a 2023 suka ɗauki ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin suka sa wa ɓerayen gwaji, sai ga shi tsawon ransu ya ƙaru da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Aiki ne mai kyau sosai, amma fa ɓeraye ne, kuma kashi 4 ne. Haka giwa, a 2015 aka nuna tana da kwafi wajen 20 na ƙwayar gadon TP53 mai sa lalatattun ƙwayoyin halitta su mutu kafin su zama kansa, alhali mu ɗaya gare mu. Wannan ƙarin fahimta ce aka samu, babu wani magani a kanti da ya fito daga ciki.

In ka ga an ce a mutane aka gwada, to sai ka duba a wane mataki ake. Matakin farko mutane kaɗan ne, gommai, kuma so ake a ga ko abin zai cutar. Na biyu ɗaruruwa ne, na uku ya kan kai dubbai, a nan ne ake kwatanta shi da maganin da ake da shi ko da na bogi. Kimanin 9 cikin 10 na magungunan da suka shiga gwajin mutane ba sa kaiwa ga samun izini, don haka "an fara gwaji" da "an samu magani" tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Ko waɗanda suka yi nasara ma sai an yi haƙuri. Wani likita mai suna John Eng ya ware wani sinadari daga dafin ƙadangaren Gila, mai zama a hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, a 1992, amma sai 2005 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da allurar exenatide ta masu ciwon suga da aka samo daga gare shi. Shekara 13 ke nan. Kuma ka lura ba dafin ake ɗura wa mutane ba, haɗa sinadarin ake yi a masana'anta a auna shi daidai. Wannan ya sa duk mai tallar wani sashen jikin dabba da hujjar "kimiyya ta tabbatar" ni dai ban yarda da shi ba, an daɗe ana sayar da guringuntsin kifin shak a matsayin maganin kansa, da aka gwada shi a marasa lafiya bai tsinana komai ba, kifin ma ashe yana kamuwa da kansar.

Sai ka nemi adadin mutanen da tsawon lokacin da aka bi su. Dashen ƙodar alade da aka gyara wa ƙwayoyin gado ya ishe mu misali. A watan Maris na 2024 aka yi wa wani mutum ɗan shekara 62 a wani babban asibiti a Boston, ya rasu bayan kimanin wata biyu, asibitin ya ce babu alamar ƙodar ce sanadi. Wani kuma a 2025 ya yi kwana 271 da ita kafin a cire ya koma wankin ƙoda. Ci gaba ne na gaske babu musu, sai dai har yanzu mutum-mutum ake ƙirga su.

Ko an amince da magani ma ka tambaya, wa zai iya samu? Maganin Casgevy na masu sikila, wanda aka yi da CRISPR, fasahar gyara ƙwayoyin gado da aka koyo daga yadda bakteriya ke kare kansu, ya samu izini a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, magana ce tabbatacciya. Amma sai an kwashi ƙwayoyin ɓargon mutum an gyara su, an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa don share tsohon ɓargon, ya yi makonni a asibiti, ga farashin a Amurka dala miliyan 2.2. Gajeren saƙon da ake yaɗawa ba zai faɗa maka wannan ba.

Kafin ka danna turawa, duba ko an ambaci sunan jami'a ko mujallar da ta buga binciken da kuma shekarar, ka kwafi sunan ka bincika a intanet ka ga ko wasu manyan kafafen labarai sun kawo shi, don sau da yawa tsohon labari ne ake sake juyawa kamar na jiya. In a ƙarshen saƙon akwai lambar waya ta yin oda, talla ce, share kawai. In kuma labarin ya shafi ciwon da ke damunka ko wani naka, ka ci gaba da shan maganin da aka rubuta maka, ka ajiye labarin a waya ka nuna wa likitanka ranar da za ka koma asibiti.