Yadda za ka bi sawun jirgin Aud, jirgin da ya yi fasa-ƙwaurin bindigogi 20,000 ya ƙare a ƙasan teku

Jama'a, idan Allah ya kai ɗayanku ƙasar Ayilan, ko karatu ko aiki ko ziyara, akwai wata tafiya ta kwana biyu zuwa uku da nake so ku gwada, wato bin sawun wani jirgin ruwa mai aiki da kwal da Jamusawa suka loda wa makamai a 1916 don kai wa 'yan gwagwarmayar Ayilan masu shirin yi wa Birtaniya tawaye. Shawarata ita ce ka bi wuraren a jere yadda kwanakin suka zo, Alhamis, Juma'a, Asabar, don sai ka yi haka za ka gane cewa saɓanin kwana uku da rashin oba-oba a cikin jirgi su suka rusa shirin gaba ɗaya.

Tun kana gida ka riƙe sunayen jirgin guda uku, in ba haka ba binciken intanet zai wahalar da kai. An ƙera jirgin a garin Hull na Ingila a 1907, sunansa Castro, na kamfanin Wilson Line, yana dakon kaya abinsa. Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a watan Agusta 1914 sai ya rutsa da shi a mashigin ruwa na Kiel a Jamus, Jamusawa suka kame shi suka sa masa Libau. Shi kuma Aud sunan aro ne, akwai wani jirgin Norwe na gaske mai wannan suna da suka yi kama, sai aka yi wa Libau fenti da tutar Norwe tunda Norwe ba ta cikin yaƙin. To ka nemi ukun duka. Haka garin Cobh, a takardun lokacin Queenstown za ka gani, kuma mutanen wurin Kov suke cewa, kar ka je tasha kana cewa Kob a rasa inda ka nufa. Maganar biza kuma, Ayilan ba ta cikin Shengen, bizar Birtaniya ma ba ta shigar da mai fasfon Najeriya, tata daban ce, ka nema da wuri.

Daga Dublin ka je tashar Heuston ka hau jirgin ƙasa zuwa Tralee, wajen awa 4 ne, yawanci da canji a Mallow. A hanya ka riƙa tuna abin da ke cikin jirgin lokacin da ya bar Lübeck ran 9 ga Afrilu 1916: bindigogi 20,000 ƙirar Mosin-Nagant waɗanda Jamus ta ƙwace daga hannun sojojin Rasha a fagen daga, mashinga 10, harsashi kusan miliyan ɗaya, da nakiyoyi, duk an rufe su da katako a sama kamar jirgin 'yan kasuwa. Kyaftin ɗin Karl Spindler ne, da mutanensa 22, dukkansu sojojin ruwan Jamus amma sanye da kayan matuƙan Norwe. Ba su bi hanya miƙaƙƙiya ba saboda jiragen yaƙin Birtaniya sun tare tekun, sai suka hau arewa ta gefen Norwe har kusa da yankin ƙanƙara, suka karyo ta tsakanin Iceland da tsibiran Faroe suka gangaro yammacin Ayilan, kwana 11 a ruwa.

Kana sauka Tralee ka fara da gidan tarihi na gundumar Kerry da ke cikin gari, sannan ka nemi mota zuwa Fenit, ƙaramar tashar jiragen ruwa ce da ba ta wuce tafiyar minti 20 ba. Nan ne aka shirya sauke kayan. Ka taka har ƙarshen kwata ka tsaya ka kalli ruwan, nan fa za ka daɗe, don nan ne zuciyar labarin. Ran Alhamis 20 ga Afrilu da yamma Aud ya shigo wannan ruwa, ya tsaya kusa da tsibirin Inishtooskert yana jiran a haska masa koriyar fitila a turo mai nuna hanya, shiru. Abin da ya faru shi ne shugabannin tawayen a Dublin sun canja rana, suka ce kar a sauke makamai sai daren Lahadin Ista 23 ga wata, saƙon ya bi ta hannun John Devoy, jagoran magoya bayansu a New York, zuwa Berlin, amma kafin ya isa jirgi ya riga ya tashi, kuma babu na'urar sadarwa a cikinsa ko ɗaya, ba yadda za a yi a gaya masa. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya sosu, mutum ya tsallake tarkon sojan ruwa mafi ƙarfi a duniya a lokacin, ya iso daidai wurin da aka ce, yana hango gaɓa, masu jiransa kuma suna gidajensu suna lissafin sauran kwana uku. Ga shi kuma Birtaniya tana karanta saƙonnin sirrin da ke tsakanin Berlin da ofishin jakadancin Jamus a Washington, don haka ta san wani abu na tafe.

Daga Fenit ka wuce Banna, doguwar gaɓa ce mai rairayi a arewa da Tralee, in da hali ka je da sassafe kuma ka sa rigar sanyi mai kauri don iskar wurin ba ta wasa. Nan Roger Casement ya sauka da asubar Juma'a 21 ga Afrilu daga jirgin ƙarƙashin ruwa U-19, shi da Robert Monteith da Daniel Bailey, ƙaramin kwale-kwalensu ya kife kafin su kai tudu. Casement shi ne ya je Jamus neman taimakon, kuma a ganinsa abin da aka bayar bai isa a yi tawaye da shi ba, ya dawo ne da niyyar a dakatar. Ba shi da lafiya, ya kasa tafiya, ya ɓuya a wani tsohon kango da ake kira McKenna's Fort kusa da Ardfert, nan 'yan sanda suka kama shi a ranar. Akwai dutsen tunawa da shi a Banna. Ɗan Najeriya zai so ya san cewa wannan mutumin ya yi wa Turawan mulki aiki a Kalaba a farkon shekarun 1890, kuma shi ne ya rubuta rahoton 1904 da ya tona asirin zaluncin da ake yi wa mutanen Kwango a kan roba. An rataye shi a kurkukun Pentonville a Landan ran 3 ga Agusta 1916.

In kana da mota ka ɗan ratse Ballykissane kusa da Killorglin, inda a daren wannan Juma'ar motar 'yan gwagwarmaya ta ɓata hanya ta faɗa ruwa, uku suka rasu, su ma na'urar sadarwa suka fita nema.

Sai ka nufi Cork, daga tashar Kent jirgin ƙasa zai kai ka Cobh cikin kamar minti 25. Bayan Spindler ya gaji da jira ya fice daga ruwan Tralee ran Juma'a, jiragen Birtaniya suka tare shi, aka sa jirgin yaƙi HMS Bluebell ya tasa shi gaba zuwa Queenstown. Da safiyar Asabar 22 ga Afrilu, suna dab da bakin tashar kusa da dutsen Daunt, sai mutanensa suka tuɓe kayan Norwe suka sa kakinsu na sojan Jamus, suka ɗaga tutar sojan ruwansu, suka shiga ƙananan kwale-kwale sannan nakiyar da suka dasa ta tashi, jirgi ya nutse da kayansa duka, su kuma suka miƙa wuya aka tafi da su a matsayin fursunonin yaƙi. Da labarin ya kai Dublin sai Eoin MacNeill, shugaban rundunar 'yan sa-kai ta Ayilan, ya ba da umarnin soke fitar da aka shirya fara tawayen da ita ranar Lahadi, shi ya sa tawayen da aka fara ran Litinin 24 ga Afrilu kusan ya tsaya a Dublin kawai, cikin mako guda aka murƙushe shi.

A Cobh ka shiga cibiyar tarihi da ke jikin tashar jirgin ƙasa ka tambayi ankar Aud, wato ƙaton ƙarfen nan da jirgi ke jefawa ƙasa don ya tsaya. A 2012 masu nutso suka ciro guda biyu da izinin gwamnati, aka ɗauki shekaru ana cire musu gishiri don kar tsatsa ta cinye su, ɗaya ta zauna Cobh ɗaya aka ware wa Kerry. A cikin birnin Cork ma gidan tarihin gari yana da bindigogin da aka tsamo, ka dube su da kyau, yawanci ƙarfe ne da ya ci tsatsa da guntun katako. Tun a 1916 Birtaniya ta tura mai nutso ya ciro bindiga da harsashi aka kai kotu a matsayin shaida a shari'ar Casement.

Shi kansa jirgin yana kwance a zurfin mita 35 ko ɗan fiye, a wajen tashar, in ka tsaya wajen hasumiyar fitila ta Roche's Point kana fuskantar teku to kana kallon yankin. Mai son sauka ya gani da ido, ka sani takardar nutso ta farko mita 18 kawai take ba ka, ta biyu mita 30, don haka sai ka yi kwas na nutso mai zurfi, ga ruwan da sanyi ga duhu, sai da rigar nutso mai hana ruwa shiga da tocila mai kyau. Dokar Ayilan kuma ta kare duk jirgin da ya shekara 100 a ƙasan ruwa, sai ka samu lasisi daga hukumar kula da kayan tarihi kafin ka sauka, kamfanonin nutso na Cork da Kinsale sun san yadda ake cike takardar, ka yi musu magana makonni kafin zuwanka kuma ka zaɓi lokacin zafi, Yuni zuwa Agusta. Jirgin ya farfashe sosai, tukunyar tiririn injin ita ce ta fi fitowa fili, harsasai kuma na nan warwatse a ƙasa, kar ka taɓa ko ɗaya balle ka sa a aljihu, laifi ne a doka kuma haɗari ne gare ka da abokin nutsonka.