Yadda ake mayar da injin Toyota 22R daga kabureta zuwa injekta

A garejinmu an fi saba da cire injekta (mai fesa mai da lantarki) a ɗora kabureta, don ita kowane makanike ya san hannunta. Amma mai tsohuwar Hilux da ya gaji da jan cok da safe da shan mai marar dalili zai iya bin hanyar a juye. Injin 22R mai lita 2.4 yana da ɗan'uwa na injekta, 22R-E, kuma yawancin kayansa suna hawa kan 22R ɗin. Wahalar aikin ba a jikin inji take ba, tana wajen mai da waya.

Da farko a tantance shekarar injin. A 1985 Toyota ta rage tsayin bulok (gangar injin) ta sauya hed (kan injin), saboda haka na kafin nan da na bayan nan ba sa musayar hed. Aikin ya fi sauƙi a kan na 1985 zuwa sama.

Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a saya ko a Panteka ta Kaduna, a kwaso kayan daga mota ɗaya: manifol na sama da na ƙasa, injekta huɗu da bututunsu, gidan totur da sensarsa, ma'aunin iska, ƙwaƙwalwa (kwamfutar injin), damin waya cikakke wanda ba a yanke ba, distiributa da kwayil da iginaita, sensar zafin ruwa, sensar salansa, da rilen famfon mai. Tsince-tsince ne ke kashe aikin nan. Injektocin shekarun farko suna tafiya da akwatin resisto, na baya ba sa buƙatarsa. A haɗa na farko da wayar na baya, ƙwaƙwalwa za ta iya ƙonewa.

Sai batun mai, inda ganganci ke jawo gobara. Kabureta na aiki da matsin psi 3 zuwa 5, injekta kuwa kusan 40 take so. Tsohon tiyo da kilif ɗinsa ba za su ɗauki wannan ba. A sa tiyo mai lambar J30R9 da kilif na injekta, a sa filtar ƙarfe, kuma duk notin da mai ke bi ta cikinsa a ba shi sabon washa. A cire tsohon famfon mai da ke jikin hed a toshe gurbinsa da faranti da gasket. Mafi kyau a ɗauko tankin motar da aka ciro kayan, domin famfonsa na ciki ne, kuma akwai shinge da ke riƙe masa mai. Tankin kabureta ba shi da wannan, shi ya sa in mai ya yi ƙasa aka sha kwana, famfo ya zuƙi iska mota ta yi tari. Wanda zai sa famfon waje ya sa shi kusa da tanki, ƙasa da shi, don famfon lantarki turawa ya iya, ja bai iya ba. Kada a manta da layin da ke mayar da ragowar mai tanki. Tanki mai tsatsa kuma a wanke shi tun kafin a haɗa. Dattin da kabureta ke haɗiyewa, injekta toshewa take yi da shi.

A cire kan batir kafin a taɓa waya. Ƙwaƙwalwa a cikin mota take zama, nesa da zafi da ruwa. A kankare fenti a duk inda wayar at (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe) za ta kama, musamman waɗanda ke kan manifol. A huda salansa a yi waldar gurbin sensa idan babu.

Kafin a tayar, a haɗa ramukan da aka rubuta wa Fp da +B da guntuwar waya a akwatin gwaji, a buɗe makulli. Famfo zai tashi, sai a bi layin duka ana neman yoyo. Ko ɗigo ɗaya aka gani a tsaya. In inji ya yi zafi, a haɗa ramukan T da E1 a akwatin, a saita tayimin a digiri 5 kafin fistin ya kai sama, silo (juyin inji ba a taka totur ba) kuma wajen juyi 750 a minti.

Idan mota ta tashi ta mutu nan take, a duba ma'aunin iska: akwai makunnin famfo a cikinsa, kuma in iska ba ta buɗe murfinsa ba famfo tsayawa yake. Tsagewar robar da ke tsakaninsa da totur ma tana sa silo ya riƙa rawa, domin iskar da ta shiga ta nan ba a auna ta ba. Baƙin hayaƙi da filogi mai kunkunniya kuwa yawanci sensar zafin ruwa ce, ko kuma an cire tamostat kamar yadda aka saba wai don zafin gari. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka injin bai ɗumama ba ta yi ta ƙara mai. A mayar da tamostat, in zafi ake tsoro a wanke lagireto.